Gyaran Contessa 32 a bakin Solent: inda aiki ya kwana

14 Oktoba 2023

An fito da jirgin daga ruwa yau da safe, injin ɗagawa ya ajiye shi a yadin gyaran jirage nan bakin Solent, ruwan da ke tsakanin kudancin Ingila da tsibirin Wight, aka tokare shi da ƙarafa hagu da dama. Contessa 32 ne, ƙirar shekarun 1970, jikin faiba, jigo ɗaya, wato doguwar sandar da ake ɗaga filafilan da iska ke turawa a kanta. Niyyata in gyara shi har ya kai matsayin da zan fita da shi daga Falmouth a kudu maso yammacin Ingila zuwa tsibiran Azores da ke cikin tekun Atlantika, tafiyar mil kusan 1,200 a buɗaɗɗen teku babu tudu babu mafaka. Ba bazara mai zuwa ba, ta 2025 in Allah Ya kai mu.

Mutane na ta tambayata me ya kai ni sayen tsohon jirgi matsattse haka alhali da kuɗin nan zan samu mai faɗi mai ɗakuna. Amsar tana ƙasan layin ruwa, kuma sai an ɗaga shi sama ake ganinta. David Sadler ne ya zana shi a 1970 tare da Jeremy Rogers wanda ya dinga ƙera su a Lymington nan kusa da mu. Tsawonsa ƙafa 32 amma abin da ke taɓa ruwa ƙafa 24 ne kawai, faɗi ƙafa 9 da inci 6, zurfinsa a ruwa ƙafa 5 da rabi. Nauyinsa gaba ɗaya wajen kilo 4,300, daga ciki kilo 2,040 dalma ce zalla a cikin kil, wato wannan dogon fiffiken da ke ƙarƙashin jirgi. Kusan rabin nauyinsa kenan yana can ƙasa yana jan shi ya miƙe tsaye. Kuma dalmar ba ɗaure ta aka yi da notuna daga waje ba, a cikin jikin faibar aka saka ta aka rufe, to babu wani noti da zai ci tsatsa ya saki. Wanda ya san labarin Cheeki Rafiki, jirgin da kil ɗinsa ya ɓalle a tsakiyar Atlantika a Mayun 2014 mutum 4 suka rasu, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na daɗe a tsaye ta gaban hancinsa ina kallon yadda cikinsa ya zubo a hankali ya haɗe da kil, babu kwana babu shimfiɗaɗɗen gindi. Wallahi an iya zane.

4 Nuwamba 2023

Guguwar Ciarán ta wuce shekaranjiya, na zo da fargabar ko jirgin ya faɗi daga kan tokaransa. Alhamdulillahi yana tsaye. Amma da na buɗe na shiga sai na tarar katifar gefen hagu sharkaf, ruwa ya bi ta gefen tagogi biyu ya gangaro bayan katako ya taru ƙarƙashin kujera. Jirgi yana kan tudu fa, ruwan sama kawai. To ina ga igiyar teku ta daki tagar nan da ƙarfinta?

Wannan ne ya sa na koma na sake karanta rahoton binciken tseren Fastnet na 1979, dama shi ya sa sunan Contessa 32 ya fito duniya. An tashi daga Cowes ranar 11 ga Agusta, jirage 303, tafiyar mil 605 zuwa dutsen Fastnet da ke kudu da Ayalan a zagayo a dawo Plymouth. Daren 13 wayewar 14 guguwa ta same su a tsakiyar ruwa tsakanin Ingila da Ayalan. 'Yan tsere 15 suka rasu, aka gudu aka bar jirage 24, biyar suka nutse. A ajin ƙananan jirage guda 58 suka tashi, ɗaya tak ya kammala, shi ne Assent, Contessa 32 na Willy Ker, ɗansa Alan ne ya tuƙa shi da abokansa matasa. Su ma igiya ta kwantar da su, jirgin ya tashi, suka ci gaba da tafiya da ɗan ƙaramin filafili.

Kowa wannan ɓangaren yake ba da labari ya tsaya. Ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne sauran shafukan. Jirage 77 suka ce igiya ta kai jigonsu ƙasan ruwa ko ta juya su gaba ɗaya, kuma abin da ya fi wahalar da mutane bayan jirgi ya tashi shi ne allunan ƙofar shiga sun zame sun faɗa teku ruwa ya kwararo ciki, batura sun tsinke daga mazauninsu suna yawo, murhun girki ya ɓalle, gwangwanaye suna dukan mutane a ka. Mutum ya leƙa ciki ya ga ruwa har gwiwa ga duhu ga jini, sai ya yanke cewa jirgin nutsewa zai yi ya faɗa kwale-kwalen roba na ceto. Daga cikin 24 da aka bari, 19 an same su daga baya suna yawo a kan ruwa lafiya lau, amma mutum 7 sun mutu bayan sun koma kwale-kwalen robar. Allah Ya kyauta.

Saboda haka na sake jera aikin. Fenti da kwalliyar katako sun koma ƙarshen layi. Duk wata kafa da ruwa zai iya bi, da duk wani abu mai nauyi da zai iya tashi sama in jirgi ya kife, su ne a gaba.

25 Nuwamba 2023

Na bi jikinsa kaf da ƙaramar guduma ina ƙwanƙwasawa ina saurare, inda faiba ta rabu da juna sautin yakan mutu. Ban ji ko ɗaya ba a kil. Akwai 'yan ƙuraje a gefen dama ƙasan layin ruwa, in ka huda sai wani ruwa mai warin tsami ya fito, na buɗe su da garanda na wanke na bar su su sha iska har bazara kafin in cike. Mai duba jirage ya sa na'urarsa ta auna danshi yace na shekarunsa ne, ba abin tashin hankali. Tagogi duk na cire su, firam ɗin sun tafi gyara, na toshe ramukan da falanki da tef.

30 Disamba 2023

Sanyi kamar me, yatsu ba sa ma jin sifana. Amma aikin yau ya biya.

Wayoyin ƙarfe da ke riƙe jigo ta gefe, uku kowane ɓangare, a wannan jirgin suna kama wasu lanƙwasassun ƙarafa ne da suka huda daɓen sama aka ɗaure su da noti daga ciki. Daga sama in ka kalle su ƙyalli suke, sitenles ne, ka rantse sababbi ne. Wani dattijo Bature da jirginsa ke kusa da nawa, shi ma Contessa gare shi tun ina yaro, ya ce min yaro kar ka yarda da abin da ido ya gani, zaro su. Na kwance notuna na buga daga ƙasa suka fito. Biyar lafiya. Na shida, na baya a gefen hagu, daidai inda ya ratsa cikin kaurin daɓen, wurin da bai fi faɗin yatsa ba, ya yi baƙi ya yi ƙananan ramuka, na goge shi da samfefa na haska tocila sai ga wani siririn layi ya zagaye kusan rabin ƙarfen. Tsagewa ce. Na sa shi a bakin maƙama na ɗan danna da hannu ɗaya, ya buɗe baki.

Dalilin kuwa shi sitenles iska yake so. Muddin iska na taɓa shi yana yi wa kansa wata fata da ke kare shi, amma in ya shiga matsattsen wuri mai danshin gishiri inda iska ba ta kaiwa, fatar sai ta mutu ya dinga ci daga ciki ba wanda ya sani. Ƙarfen nan da ya tsinke a teku jigon gaba ɗaya zai sauko. Dalma kilo dubu biyu ba ta da abin da za ta yi maka a wannan lokacin.

Na yi odar shida sababbi masu ɗan kauri, da faranta na ƙarfe da za su zauna ta ciki su raba nauyin. Wayoyin ma duka za a canja, babu wanda ya san shekarunsu.

20 Janairu 2024

Ƙanena ya zo daga Landan ya taya ni sauke jigo, muka yi ta musu har dare. Ya shiga ciki ya buga kai a rufi, ya zauna ya miƙe ƙafa ta taɓo ɗaya kujerar, yace Yaya wai nan za ka kwana sati biyu? Ya nuna min wani sabon jirgi a yadin mai tsawo ɗaya da nawa amma faɗinsa ya kusa ƙafa 11 da rabi, bayansa a buɗe, ɗakin kwana biyu da bayi mai shawa, yace wancan ai ko karkata ba zai yi ba.

Gaskiyarsa ta wani ɓangaren. Jirgi mai faɗi ya fi tsayawa daram a ruwa mai lafiya, faɗinsa ne ke hana shi karkata, nawa kuwa iska kaɗan ya kwanta gefe sai dalma ta fara aiki sannan ya tsaya. Sai dai tambayar teku ba ita ce wa ya fi wuyar karkata ba, tambayar ita ce in an kifar da kai wa zai tashi. Na ɗauko faranti da kwalbar ruwa na zuba yashi a gindinta na nuna masa a bokiti. Faranti yana da wuyar kifewa amma in ya kife ya zauna kenan, yadda yake daram a miƙe haka yake daram a kife. Kwalbar kuwa taɓa ta kaɗan ta karkata, amma duk yadda ka juya ta sai ta dawo.

Bayan Fastnet masana a Jami'ar Southampton sun yi wannan lissafin, suka kwatanta Contessa 32 da wani jirgin tsere mai faɗi mara nauyi na zamanin. Contessa yana ci gaba da ƙoƙarin miƙewa har sai an karkata shi digiri wajen 155, wato jigo ya kusa kallon ƙasan teku sosai, shi kuma ɗayan bai kai 120 ba yake sallamawa. Kuma ko Contessa ya kife gaba ɗaya, tazarar da zai iya zama a kife 'yar kaɗan ce, igiya ta gaba za ta ture shi ya dawo. Akwai wani lissafi mai sauƙi da Amurkawa suka fitar daga baya, ana auna faɗi da nauyi, in sakamakon ya gaza 2 ana ganin jirgin ya dace da tafiyar nesa. Na buga nawa a waya ya ba ni 1.79.

Amma na gaya masa kar ya ɗauka wai ba ya kifewa. Gwajin da aka yi da ƙananan samfura a tankin ruwa ya nuna in igiya mai fashewa ta ɗan haura rabin tsawon jirgi kuma ta same shi a gefe, babu ƙirar da ba ta juyawa. Ga nawa igiyar ƙafa 18 kenan, kuma Atlantika na da irinta. Abin da Sadler ya ba ni shi ne jirgin zai dawo. Ko zai dawo da jigonsa, ko zai dawo babu tan ɗin ruwa a ciki, wannan kuma aikina ne.

Bai gamsu ba, yace shi dai shawa. To kowa da abin da yake nema a ruwa, kuma mai yawon bakin gaɓa da iyali wancan ya fi masa, ban musa ba.

17 Fabrairu 2024

Bawul-bawul na ƙasan jirgi. Kowane rami da ya huda jiki ƙasan layin ruwa yana da nasa: na sanyaya inji, na bayi biyu, na wurin wanke-wanke, da na magudanan wurin tuƙi. Na tagulla ne na asali, masu kyau, na kwance su na goge na shafa giris na mayar. Ɗaya ne kawai wani ya taɓa canjawa da irin na famfon gida, da na kankare shi sai ya fito ja-ja maimakon ruwan zinare, alamar gishiri ya cinye sinadarin da ke riƙe shi ya bar shi kamar busasshen biskit. Ya tafi bola. Tiyo duk sababbi, kilif biyu-biyu a kowane baki, kuma kusa da kowane bawul na ɗaure turken katako mai tsini da zare, in abu ya fashe a buga shi a ramin.

Wurin tuƙin Contessa dogo ne mai zurfi, yana da daɗin zama kuma yana kare mutum, amma in igiya ta cika shi ruwan da zai ɗauka da yawa ne, duk a bayan jirgi. Na toshe magudanan na cika shi da tiyo na buɗe ina kallo, yadda yake tsiyaya bai min ba sam. Igiya ta biyu ba za ta jira ba. Zan faɗaɗa su in kuma cire wata kwana da tiyon ya yi a ƙasa.

23 Maris 2024

Azumi, aiki kaɗan-kaɗan, ina tashi kafin la'asar. Allunan ƙofa sun samu sakata da ake buɗewa ta ciki da ta waje, da igiya da ta ɗaure su da jirgi ko sun zame ba za su tafi ba. Batura biyu na sa su a akwati na ɗaure da bel mai ƙarfi har ƙasa. Murhu ya samu maƙalli da zai hana shi fita daga mazauninsa, murafan ƙarƙashin kujeru da allunan daɓe duk sun samu makulli. Yadda nake yi, in zauna a tsakiyar ɗakin in ɗaga kai in kalli rufi in ce nan ne ƙasa, me zai faɗo? Kullum sai na samo wani sabon abu. Jiya akwatin sifanu ne.

Tagogi sun dawo, na ɗora su da sabon gam, ƙanena ya tsaya a waje ya sakar musu tiyo da ƙarfi ni ina ciki da busasshen tsumma. Ko ɗigo.

20 Afrilu 2024

Kafin a mayar da shi ruwa na duba allon tuƙi, wato allon da ke cikin ruwa a bayan jirgi wanda ake juya shi da shi. A wannan ƙirar ba a rataye yake shi kaɗai ba, akwai wani ƙaƙƙarfan ƙashi da ya sauko daga jikin jirgi a gabansa ya riƙe shi har ƙasa, to ko ya daki gungume ko igiyar masunta ƙashin ne zai fara karɓa. A Fastnet jirage da dama allon tuƙinsu ne ya karye. Takalmin da ke riƙe shi a ƙasa ya ɗan yi sako-sako, na canja zoben ciki, yanzu in ka girgiza shi ba ya motsi.

Gindin jigo, da yake har kan kil yake sauka ba a kan rufi ya tsaya ba, ya yi farin gari saboda ruwan da ke bi ta cikinsa yana taruwa. An yanke ɗan kaɗan an sa masa sabon mazauni da ramin tsiyaya. Jigo ya hau, wayoyi sababbi, fentin ƙasa ya bushe. Injin ɗagawa ya sauke shi a ruwa, na shiga da tocila na bi bawul ɗaya bayan ɗaya ina shafawa da hannu. A bushe.

18 Mayu 2024

Fitar farko ta gaske. Muka bi ta mashigar Hurst da janyewar ruwa, wurin matsattse ne tsakanin Ingila da tsibirin Wight, ruwa na gudu a nan har wajen not 4, wato mil 4 na teku a awa, in wata ya cika, iska kuma daga kudu maso yamma tana tunkarar sa, sai igiyoyi suka miƙe tsaye gajeru-gajeru masu kaifi. Nan na ga abin da na saya. Ya kwanta gefe har bakin daɓe ya kusa shan ruwa, ya kafe a nan, ya dinga yanka igiya yana wucewa. Babu wannan bugun da shimfiɗaɗɗen gindi ke yi wanda za ka ji har haƙoranka, shi shiga yake ya fita a hankali. Sandar tuƙi da yatsu biyu nake riƙe da ita. Na'ura na nuna not 6 da ɗoriya, kuma dama iyakarsa kenan wajen 6 da rabi, tsawon ƙafa 24 a ruwa ba zai ba ka fiye da haka ba.

Amma jiƙa, kai! Turawan nan suna masa kirari da jirgin ƙarƙashin ruwa mai filafilai kuma ba ƙarya suka yi ba. Gefensa gajere ne, hancinsa siriri, duk igiyar da ya yanka rabinta ta kan daɓe take biyowa ta zo ta same ka a fuska. Mai ɗakina ta zauna a bakin ƙofa cikin rigar ruwa ta yi shiru, can tace Abban yara haka za a yi ta yi har Azores ɗin? Nace in iska na gaba haka ne. Tace to Allah Ya kiyaye hanya, ita za ta same ni a can ta jirgin sama. Ban ga laifinta ba. Wanda ya jiƙe ya ji sanyi kwana da kwanaki hankalinsa raguwa yake, ya fara kasala wurin rage filafili, kuma wannan ma hatsari ne kamar tsagaggen ƙarfe. Rumfar kare feshi ta shiga jerin dole.

6 Yuli 2024

Hasashen yanayi ya ba da iska mai ƙarfin 6 zuwa 7 a ma'aunin iska na Beaufort, wato iska mai ƙarfi sosai, a yankin Wight, muka fita da gangan ni da dattijon nan don gwada kayan guguwa.

Ƙirar zamaninsa ce, filafilin baya ƙarami ne, na gaba shi ne ƙato, shi ke jan jirgin. Matsalar in iska ta yi yawa ka naɗe na gaba ya rage kaɗan, abin da ya saura yana can sama can gaba kuma ya yi ciki kamar buhu, yana kwantar da jirgi ba ya ja. Shi ya sa na sa wata waya ta biyu a bayan ta gaba wadda ake ɗaurawa a cire, aka ɗinka min ɗan ƙaramin filafilin guguwa ruwan lemo mai kauri da zai hau kanta, na baya kuma aka ƙara masa matakin ragewa na uku. Da muka ɗora su biyun jirgin ya miƙe, ya daina fama, yana tafiya not 5 hankali kwance.

Sai muka gwada tsayar da shi. Ana juya hanci ta cikin iska a bar filafilin gaba a ɗaure a gefen da bai dace ba, iska na tura shi baya, a tura sandar tuƙi gefen da iska ke tafiya a ɗaure. Filafili na cewa sauka, allon tuƙi na cewa hau, sai jirgin ya tsaya tsakani. Wallahi kamar an kashe rediyo. Yanzun nan ana ta dambe da ruwa, yanzu kuma ya kwanta gefe kaɗan yana hawa yana sauka, yana zamewa a hankali, kuma ta gefen da iska ke zuwa sai ka ga ruwa ya yi santsi inda kil ya ja, igiya na zuwa nan sai ta rage kaifi. Dattijo ya sauka ya dafa shayi. Ni kuma na duba kamfas na fuskanci kudu maso gabas na yi azahar a zaune, ɗamarata na maƙale da jirgi.

Abin da ban so ba, hancinsa na yawan faɗuwa ya ba igiya gefe fiye da yadda nake so, kuma yana ɗan ci gaba maimakon ya tsaya a bayan santsin nan. Dattijo yace in gwada da na baya kaɗai babu na gaba. A irin wannan iskar ba komai, a wadda ta fi ta gefe ne wurin da ba a so igiya ta samu.

10 Agusta 2024

Mun tsallaka zuwa Cherbourg ta Faransa mun dawo, mil 60 daga duwatsun Needles na ƙarshen tsibirin Wight kowace tafiya, ta tsakiyar hanyar manyan jiragen dakon kaya. Matuƙin iska da na ɗaura a baya, wato na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta ta bin iska, shi ya riƙe hanya kusan duk tafiyar, ba ya cin batir, kuma da yake jirgin dama son tafiya miƙe yake bai sha wahala ba. Dawowa iska ta juyo gaba, dare ya yi, aka yi ta shan ruwa ta kan daɓe har asuba.

Da gari ya waye na ɗaga allon daɓe na ga ruwa a rijiyar kil, ramin ƙasan jirgi inda ruwa ke taruwa, fiye da yadda ya kamata. Na ɗanɗana, gishiri. Tagogi a bushe, bawul a bushe, sababbin ƙarafan jigo a bushe. Na bi sawun danshin da tocila har can hanci, ashe ta bututun da sarƙar anka ke sauka yake shiga, duk lokacin da hanci ya nutse sai ya kurɓa, ga kuma murfin ƙofar gaba robarsa ta taushe ta gefe ɗaya. A dare ɗaya bokiti biyu ne ko uku, ba komai. A sati biyu ana tunkarar iska lissafin daban ne, kuma famfon hannu guda ɗaya gare ni, a waje, wanda sai an buɗe murfin akwatin wurin tuƙi ake kaiwa gare shi, wato a buɗe wata ƙatuwar kafa a daidai lokacin da ba a so.

Abin da ya rage kafin hunturu: toshe bututun sarƙa da murfi mai roba, sabuwar roba a ƙofar gaba, famfo na biyu da za a iya bugawa daga ciki ƙofa a rufe, a kuma mayar da na waje yadda hannunsa zai shiga ba tare da an buɗe komai ba. Magudanan wurin tuƙi har yanzu ban gamsu da su ba. Rumfar feshi an auna, mai ɗinki yace sai Satumba. Asabar mai zuwa zan fara da bututun sarƙar, na riga na sayo robar.